Yadda Ake Bambance Ciyayin Arewa Masu Kama da Juna Bayan Sun Iso Legas

Wanda yake kiwon turke a Agege, ko yake sayar da raguna a Kara da ke bakin hanyar Ibadan, ba kasafai yake ganin ciyawar Arewa a tsaye a inda ta tsiro ba. Tana iso masa ne a bushe, an ɗaure ta dami-dami ko an danna ta a buhu, bayan ta sha tafiyar kusan kilomita 1,000 a bayan mota tare da harawa da dusa, launinta ya koɗe, ganyenta ya karairaye. A wannan hali kyasuwa da duza sukan koma kamar abu ɗaya, haka ma gamba da tsaure, alhali gamba dabba takan cinye ta tas, tsaure kuwa ta shinshina ta kau da kai. Yaranmu da aka haifa a nan, waɗanda ba su taɓa riƙe lauje ba, duk ingirici ne a wurinsu. Hanyar da zan shimfiɗa ta dogara ne ga abu ɗaya, wato ganye yana ruɗar mutum domin ruwa da taki da rana suna sauya shi, amma ƙirar kan ciyawa da ta gindinta ba sa sauyawa, ko da ta shekara a cikin buhu.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana buƙatar farar takarda ko farin ƙyalle da za a baza ciyawar a kai, da allura, da reza, da rula irin ta 'yan makaranta, da kofin ruwa, sai kuma gilashin ƙara girma wanda yake ninka abu sau 10. In ba a sami gilashin ba, kyamarar wayar hannu tana wadatarwa, muddin an fita waje inda haske yake aka matso da hoton sosai.

Matakin farko shi ne ɗaukar samfuri, kuma a nan mutane da yawa suke yin kuskure. Kada a zaro daga bayan dami, domin mai ɗauri ya san abin da ya jera a waje. A kwance damin, a cusa hannu tsakiyarsa, a zaro kara biyar ko shida waɗanda suke da kai, in da hali har da gindi. Idan buhu ne, a zazzage shi a kan tabarma a duba abin da ya taru a ƙasa, saboda ƙwaya da ƙaiƙayin da suka kakkaɓe a hanya su ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi. Na taɓa sayen dami goma sha biyu a kan cewa kyasuwa ce zalla, ban kwance ko ɗaya ba sai da na kai gida, na tarar kusan rabin cikinsu datsi ne. Mai kayan bai yi mini rantsuwa ba, ni ne ban duba ba.

Mataki na biyu gajere ne: a tabbatar abin da ke hannu ciyawa ce ta ainihi. A murza karan tsakanin yatsa biyu. Idan ya mirgina, kuma yana da gaɓoɓi kamar na karan dawa, to ciyawa ce. Idan kuwa an ji kusurwa uku kuma babu gaɓa, dangin aya ne da jiji, waɗanda gidansu daban, sai a ware su gefe.

Mataki na uku shi ne duban gindi, domin a san ko ciyawar mai shekara ɗaya ce ko mai daɗewa. Mai shekara ɗaya, irin su kyasuwa da ƙarangiya da burburwa da harƙiya, saiwarta sirara ce, ba ta nutsa ƙasa da nisa, kuma kusan kowane kara nata yana fitar da kai, domin ba ta da wata damina sai wannan. Mai daɗewa kuwa, kamar gamba da tsaure da nobe, gindinta dunƙule yake da tauri, akan ga tsofaffin kututturan bara, wani lokaci da baƙin gobarar daji a jikinsu, da kuma 'yan tsiron da ba su yi kai ba. Kiri-kiri da tofa suna da wata dabara, wato kara mai rarrafe a ƙarƙashin ƙasa wanda yake tsirowa daga gaɓa zuwa gaɓa. Ciyawar da aka yanka da lauje ba ta zuwa da gindi, saboda haka sau da yawa a nan Legas sai dai a tsallake wannan mataki a dogara ga na gaba.

Mataki na huɗu shi ne ginshiƙin aikin. A ɗaga kan ciyawar a fuskanci haske, a tambayi kai wace ƙira ce daga cikin huɗu. Ko dai dunƙulallen kai ne guda mai gashi ko ƙaya kamar ƙaramar zangarniyar gero, ko kai ne mai yatsu da suka rabu daga tsinin kara kamar sawun tsuntsu, ko bazazzen kai ne mai rassa sirara, ko kuma dogon kai ne mai 'yan reshe bibbiyu da suke leƙowa daga cikin wani ɗan kube mai kama da ganye. Da zarar an san rukunin, an rage yawan abin da ake zato daga gommai zuwa uku ko huɗu, sai a shiga bambance 'yan gida ɗaya.

A fara da masu kan gero, domin su ne suka fi shiga kasuwa. A riƙe kan a shafa shi da yatsa daga sama zuwa ƙasa a kan farar takarda. Idan ƙwayoyin sun zubo su kaɗai, gashin ya tsaya a jikin sandar kamar buroshi, to duza ce, wadda masana suke sa wa a zuriyar Setaria. Idan kuwa kowace ƙwaya ta faɗo tare da gashinta a dunƙule, sandar ta rage tsirara, to ana cikin gidan kyasuwa da ƙarangiya. Wannan gwaji ba ya cin minti ɗaya, kuma busasshiyar ciyawa ta fi ɗanya saurin ba da amsa.

Mai karatu zai iya mamakin a ce kyasuwa mai laushi da ƙarangiya mai suka gidansu ɗaya, amma haka abin yake. A da masana suna kiran zuriyar kyasuwa da gero Pennisetum, ta ƙarangiya kuma Cenchrus, sai a shekarar 2010 binciken ƙwayoyin gado ya sa aka haɗe su a ƙarƙashin Cenchrus, shi ya sa ake cin karo da sunaye biyu a kan ciyawa ɗaya. Abin da ya raba su a ido shi ne gashin da ya kewaye ƙwayar. A ƙarangiya, Cenchrus biflorus, gashin ya kafe ya zama ƙaya, gindinsa ya manne ya yi ɗan faifai, kuma kowace ƙaya tana da ƙananan ƙugiyoyi masu kallon baya, waɗanda su ne suke sa ta shiga zane da sauƙi ta ƙi fita. Tana da 'yar'uwa mai daɗewa, Cenchrus ciliaris, wadda ake shukawa domin kiwo a ƙasashe masu fari. Kanta ya yi kama da na ƙarangiya daga nesa, amma gashinta yana lanƙwasa a yatsa ba ya suka, gashi ɗaya ya ɗara sauran tsawo, gindinta kuma mai ƙulle-ƙulle ne. Kada a haɗa ƙarangiya da tsidau don kawai duka biyu suna soke ƙafa, domin tsidau ba ciyawa ba ce, tsiro ne mai rarrafe da rawayar fure.

Inda aikin ya fi wuya shi ne tsakanin kyasuwa da 'yar'uwarta ta kusa, domin jama'a da yawa suna ɗaya suke kiran su da shi. Kyasuwar da makiyaya suke so, Pennisetum pedicellatum, mai shekara ɗaya ce mai yawan reshe, kanta yakan kai santimita 5 zuwa 15, a buɗe yake kamar auduga, fari-fari da ratsin ja ko shunayya. Ɗayar, Pennisetum polystachion, ta fi ta tsawo, kanta ya fi tsawo da siranta da matsewa, launinsa yana karkata zuwa ruwan ƙasa ko ruwan zinariya, kuma ta fi son inda ruwa yake da yawa, saboda haka wanda ya yanko ciyawa a kudu ya fi yiwuwa ita ya samo. Launi dai ba abin dogaro ba ne bayan an sha rana a bayan mota, don haka sai a koma ga allura. A ciro dunƙule ɗaya, a jiƙa shi a ruwa na ɗan lokaci domin ya yi laushi, a ɗora a takarda, a buɗe gashin da tsinin allura a ƙarƙashin gilashi. A kyasuwa ta ainihi akan tarar da ƙwanso, wato 'yar rigar da ƙwaya take ciki, fiye da ɗaya a mafi yawan dunƙulen, kuma aƙalla ɗaya yana tsaye a kan ɗan siririn wuya, ga gashin cike da ulu har yana rufe su. A ɗayar kuwa ƙwanso ɗaya ne tak, a zaune daram ba wuya. A buɗe dunƙule biyar daga wurare daban-daban na kan kafin a yanke hukunci, domin ɗaya yana iya saɓa wa sauran.

Wani dattijo mutumin ƙasar Katsina da yake sauke ciyawa kusa da mayankar Oko-Oba ya nuna mini tasa hanyar, wadda ba ta buƙatar allura. Ya tsinko kan ya ɗora a tafin hannu, ya murza da babban yatsa, ya hura a hankali. Sai dunƙulen suka tashi a manne da juna kamar auduga. Na ce, "Baba, in ɗayar ce fa?" Ya ce, "Malam, ai waccan ba ta kama juna haka, warwatsewa take yi." Yawan ulun da gilashi yake nunawa shi ne hannunsa yake ji, sai dai shi ya shekara arba'in yana yi, mai koyo kuwa gara ya riƙe allurarsa.

Rukuni na biyu, masu yatsu, su ne tuji da guɗe-guɗe da harƙiya da kiri-kiri, kuma duka huɗun suna tsirowa a nan Legas, a gefen kwata da filin ƙwallo da tashar mota, saboda haka ana iya koyon su a ɗanye. Sai dai a lura da cewa ruwan da Legas take samu a shekara ya haura milimita 1,500, ya ninka na Sakkwato fiye da sau biyu, don haka guɗe-guɗen da aka saba gani tsawon taƙi ɗaya a jigawa yana iya kaiwa gwiwa a nan. Kada tsawo ya ruɗi mutum, a dubi yatsun. Na guɗe-guɗe gajeru ne masu kauri, ba kasafai suke wuce santimita 5 ba, duk daga wuri ɗaya suka fito suka baje, kuma ƙarshen kowane yatsa ɗan tsini ne tsirara wanda ba ƙwaya a kansa. Na tuji sun fi tsawo da siranta, ƙwaya ta bi su har ƙarshe, kuma sau da yawa akan ga yatsa ɗaya ya fito ƙasa da sauran shi kaɗai. Gindin karan tuji a shafe yake, fari-fari, ganyensa a ninke, saiwarsa kuma duk wanda ya taɓa noma ya san ba ta tuguwa da hannu ɗaya. Shi ɗan'uwan tamba ne na jini, kamar yadda harƙiya take 'yar'uwar acca da iburu.

Harƙiya da kiri-kiri kuwa yatsunsu sirara ne kamar zare. Kiri-kiri mai daɗewa ce, tana shimfiɗa kamar tabarma, yatsunta gajeru ne daga wuri ɗaya, ƙwansonta a zaune ɗaya-ɗaya. Harƙiya yatsunta sun fi tsawo, wasu sukan fito hawa-hawa, kuma idan aka lanƙwasa yatsa ɗaya a ƙarƙashin gilashi za a ga ƙwanson bibbiyu ne, ɗaya mai gajeren wuya, ɗaya mai dogo. Harƙiya kanta iri-iri ce, kuma raba su aiki ne da yakan gagari masana sai da madubin ɗakin bincike. A ganina mai kiwo ba ya buƙatar wuce nan, tunda dabba ba ta bambanta su.

Rukuni na uku ba ya ɗaukar lokaci, amma a nan haɗari yake. Burburwa, wadda wasu suke kira komayya, kanta a baje yake, ƙwansonta dogaye ne sirara masu hawa-hawa kamar kitso, suna rataye a kan reshe siriri kamar gashi, suna rawa da ƙaramar iska, kuma ba su da tsinke ko ɗaya. Datsi da danginsa na zuriyar Aristida kuwa kowace ƙwaya tana ɗauke da dogon tsinke da ya rabu uku, ƙasanta kuma yana da kaifi kamar allura. Duk inda aka ga wannan tsinke mai reshe uku, ba a buƙatar wani bincike. Idan ƙwayar ta nuna, tana soke dasashi da leɓen rago, tana shiga ido, tana kutsawa cikin gashi har fata, kuma ragon layya da bakinsa ya yi miki a makon da ake son ya cika ido asara ce babba.

Rukuni na huɗu manyan ciyayi ne na zana da jinka, kuma a nan hanci yana riga ido. A murje ganye a shinshina. Gamba ba ta da ƙanshi. Tsaure da nobe suna da ƙanshi mai ƙarfi domin 'yan gida ɗaya ne da ciyawar lemun da ake dafa shayi da ita, kuma man da ke kawo ƙanshin shi ne yake sa dabba ba ta son su sai in ta rasa. Bushewa tana rage ƙanshin amma ba ta kashe shi, in an jiƙa ganyen aka murje zai dawo. Daga nan sai a dubi inda ganye ya haɗu da kara. Ganyen gamba yana tsukewa a gindi har kusan ya rage farar jijiyar tsakiya kaɗai, na tsaure kuwa yana da faɗi a gindi, ya zagayo ya rungume karan. 'Yan reshen kan gamba dogaye ne, santimita 4 zuwa 9, bibbiyu a buɗe kamar yatsa biyu, da farin gashi mai sheƙi. Na tsaure gajeru ne ƙwarai, cunkushe da yawa a kai ɗaya. Nobe gajeriya ce a kan waɗannan biyun, ganyenta sirara ne a nannaɗe, ta fi yawa can arewa inda ƙasa ta fi bushewa. Sanin wannan yana da amfani ga mai sayen zana ma, ba mai kiwo kaɗai ba, domin gamba ce ta zana da alƙalamin allo, tsaure kuma na asabari. Gambar nan da muke rainawa, irinta da aka ɗauka daga Shika kusa da Zariya shi aka raba wa makiyayan Kolombiya da Barazil a shekarar 1980, a arewacin Ostareliya kuwa ta yaɗu har hukuma ta sa ta cikin miyagun ciyayi saboda zafin gobararta.

Idan samfurin ba shi da kai ko kaɗan, sauran abin dubawa shi ne wuyan ganye. A ja ganyen baya a hankali a dubi daidai inda ya rabu da kubensa, za a ga wani ɗan harshe a manne da kara. A harƙiya fata ce siririya mai kama da ɓawon albasa, a kyasuwa da ƙarangiya da burburwa kuwa jerin gashi ne kamar gashin ido. Wannan alama tana kai mutum ga dangi ne kawai, ba ta kai shi ga ainihin iri, saboda haka wanda bai ga kai ba kada ya rantse. Akwai kuma dalilin da ya sa ba a gaggawar ba dabba ɗanyen tsiro mai faɗin ganye da ba a tantance ba, musamman irin wanda yake fitowa inda ake sauke hatsi: gyauron dawa da dawar daji, tun suna ƙanana ko bayan fari ya dame su, suna ɗauke da guba mai kashe dabba cikin ɗan lokaci.

Mataki na ƙarshe shi ne suna da ajiya. A Legas ana zaune da Bakano da Basakkwace da Bazazzagi da mutumin Maraɗi a rumfa ɗaya, kuma ba mamaki a nuna musu ciyawa ɗaya a ji suna uku, ko a ji suna ɗaya a kan ciyawa biyu. Musu a kan wannan ɓata lokaci ne. Abin yi shi ne a rubuta kowane suna tare da garin wanda ya faɗe shi, a kuma ajiye ciyawar kanta ta zama shaida. A shimfiɗa ta a tsakanin tsofaffin jaridu, in ta yi tsawo a lanƙwasa karan biyu ko uku maimakon a yanke, a ɗora katako da bulo a kai. Laimar garin nan tana kawo fumfuna da wuri, don haka ɗanyen samfuri sai an sauya masa jarida kullum har mako guda ko fiye, busasshe kuma kada a rufe shi a leda. Ƙwayar da ta zube a naɗe ta a 'yar takarda a haɗa da shi. A rubuta garin da aka yanko ta, da watan, da irin ƙasar, jigawa ce ko fadama ko fako. Mai son tara samfuri masu kyau sai ya roƙi direbobin da ke zuwa Arewa su tugo masa da saiwa a watan Satumba ko Oktoba, lokacin da yawancin ciyayin suka fitar da kai kuma ƙwayar ba ta zube ba. Wanda ya gagara kuma ana iya kai shi sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Legas da ke Akoka, ko ma'ajiyar busassun tsirrai ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan, inda za a gwada shi da samfuran da aka riga aka tantance, kuma abin da za su fara tambaya shi ne ko yana da kai da gindi, da kuma inda aka samo shi.